Zabon Kawu Sale

Assalamu alaikum, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙaraye alhamdu lillahi, sai dai Kawu Sale jiki ya matsa masa, idon ma ya tafi.

Ka tuna bindigar tokar da ya ba ni ranar saukata? Da ita na kwana a rungume, Inna tana ta faɗa. Sharaɗinsa ɗaya ne, zabon da na fara harbowa nasa ne. Sai makarantar kwana ta ɗauke ni, ban taɓa ɗura mata albarushi ba. Duk haɗuwarmu sai ya ce, "Malam, ina zabona?" Ni kuma in ce sai an yi hutu.

Ranar Juma'a na sayi zabo a kasuwa, aka fige, na kai masa Turawa. Ya daɗe yana shafa shi da yatsu, sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai bai ji harbi ba. Alli ya cinye mini bindiga." Na ce in kaka ta yi za mu fita tare. Ya ce to, Allah ya kai mu. Da aka dafa, romon kawai ya iya kurɓa.

Kullum ina yi wa ɗalibaina faɗa kan ɗage aikin yau zuwa gobe, ga ni nan.

Don Allah, Yaya, kai kada ka jira hutu, ka taho. A sa shi a addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Ƙaninka,
Nasiru