Fiyanon Saje ba ya numfashi

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, a Azare nake, kuma mutanen unguwarmu ba sa raina abin magana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji. Da hannuna nake rubuta wannan, da furfurata na shiga ajin manya na koyi boko, in kun ga kuskure ku wuce.

Maigidana tsohon ɗan bandin soja ne, kowa Saje yake ce masa, har ni. Sakis yake busawa, abin busan nan na ƙarfe mai lanƙwasa a gindi. Da ya yi ritaya muka dawo gida, yana busa abinsa a zaure bayan la'asar, wani sa'in a kira shi biki Gadau ko Shira. Bara ƙirji ya kama shi, tari da haki, aka kwantar da shi, likita ya ce huhun ya gaji, busa ta ƙare. Babbar 'yarmu nas ce a Bauchi, ta sa sakis ɗin a akwatinsa ta tafi da shi. Mutumin nan ya koma kamar buhun gero a kan tabarma, ba hira ba faɗa, ko gishiri ya yi yawa a miya ba ya tankawa. Da ta ga haka sai ta kawo masa fiyano irin na makaɗan biki, mai ganga da komai a ciki, ta ce har da muryar sakis, yatsa kawai zai sa ƙirjinsa ya huta.

Ranar farko ya danna sau ɗaya ya ce wannan hon ɗin a-kori-kura ne, a ɗauke. Ni na je kasuwa na roƙo Oga Ima, wani Ibo mai sayar da kayan wuta, ya girmi 'yarmu, a garin nan ya yi gemu, shi yake kaɗa fiyano a cocinsu. Ya zo ya zauna ya danna wuri uku a tare, Saje ya tambaye shi baki nawa mai sakis yake da shi a garinsu. Ima ya yi dariya ya ce Baba ka yi gaskiya, a sakis ɗaya-ɗaya ake bi. Ya nuna masa wata 'yar taya a gefen hagu da ake murzawa murya ta lanƙwashe, ya nuna masa in ka taɓa a hankali ta yi laushi, in ka doka ta yi kaushi. Saje ya koya duka, amma kullum maganarsa ɗaya, abin nan ba ya numfashi, in ka ɗora yatsa zai yi ta kuka har a ɗauke wuta, mutum ba ya haka.

Wata rana ina tuƙa tuwo na ji sakis a zaure, sakis na gaske, har na ce ko yarinyar nan ta dawo masa da shi ban sani ba. Ni da kiɗa bai taɓa damuna ba na bar tuwo ya kama. Na leƙa, fiyanon ne. Amma da na dubi fuskarsa gabana ya faɗi, ya cika ƙirji da iska, ya matse leɓe, jijiyoyin wuya sun tashi, busawa yake yi babu komai a bakinsa. Inda iskarsa ta ƙare nan yake ɗaga yatsa, ya ja wata ya ci gaba. Wato abin da likita ya hana shi ne yake yi, ƙarfen ne kawai babu. Yana gamawa tari ya turnuƙe shi, sai da na kawo abin shaƙarsa.

Mun yi faɗa ba kaɗan ba. Na ce tsufa ya zo masa da wauta, ya ce ni ban san komai ba sai murhu. Ya rantse ya gwada yi da yatsa zalla, hannun ba ya sanin inda zai tsaya in ƙirji bai gaya masa ba. Na ce to bari mu gani, na ba shi goro na ce ya yi ta tauna yana kaɗawa, ai ba a tauna da busa tare. Wallahi hon ɗin ya dawo, ni kaina na ji. Ya tofar da goron ya dube ni.

Satin da ya wuce abin ya yi tsanani, leɓensa har ya yi baƙi, sai da maƙwabci ya sa shi a keke mai ƙafa uku muka yi asibiti. A hanyar dawowa ya riƙe bakin mayafina ya ce, “Hajiya, kar ki gaya wa yarinyar nan. Sauran numfashin da ya rage mini, in ban yi wannan da shi ba, me zan yi da shi?” Tun da muke bai taɓa roƙona komai ba, umarni ya iya.

Yanzu ƙarshen wata 'yar tamu za ta zo. In ta bugo ta ce Inna yaya Baba, sai in ce da sauƙi, bakina yana nauyi. Na santa, halina ta ɗauko, in ta ji, ranar fiyanon zai hau mota. In kuma na yi shiru wani abu ya same shi a zauren nan, da wane ido zan kalle ta?

In akwai makaɗi a cikinku da ya san yadda ake sa fiyano ya yi wannan kuka ba tare da tsoho ya matse ƙirjinsa ba, ya rubuto dalla-dalla, zan kai wa Ima. In babu, ku gaya mini gaskiya, in faɗa wa 'yata ko in rufa masa asiri? Masu cewa in yi haƙuri ku huta, shi nake yi. Zaɓi nake nema, don yanzu haka ina jin sa a zaure, ya fara.