Rudun Kawu Sahabi Zai Je Taron Masana

Leeds, Ingila
Nuwamba 1996

Kawu Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Tasalla da mutanen Aliero. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kuma wankin kwanonin da nake yi bayan karatu bai kai dashen albasa wuya ba.

Sau biyu malamina yana maido mini da bincikena. Wai manomin da zai buɗe rudunsa na ajiyar albasa ya raba wa maƙwabta irin albasa kyauta, alhali tana tsada a Jega, bai san tattalin arziki ba. Ai kai yake nufi, don a kanka na yi binciken.

Sai Allah ya haɗa ni da wata ƙungiyar masana tattalin arziki ta ƙasashe da yawa, waɗanda suka yarda hanya ba ɗaya ba ce. Na ba su labarin shekarar da ruwa ya cinye gonarka, maƙwabtan nan suka sake dasa maka ita. Sun ce in yi jawabi a taron baɗi.

Don Allah mai hoto ya ɗauke ka gaban rudun, ka aiko mini in nuna a taron. Kada ka sa babbar riga, Kawu. Yadda kake zuwa gona nake so su gan ka.

Ɗanka,
Zayyad