Gaɓar Ƙarshe Ake Dannawa

Beka'a, Lebanon, watan Oktoba

Abu Ziyad, mijina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙanenka Akram, da harkar shago a Sao Paulo ta Burazil. Mu nan mun gode Allah, an gama tsinkar inabi.

Sai dai jikin Hajja, mahaifiyarku. Tun faɗuwar da ta yi Larabci ya gudu daga bakinta, ba ta magana sai da harshen Fotugis ɗin da ta tashi da shi a Burazil. Kullum da hantsi takan dubi ƙofa ta ce, "Voltaram?" Na je wurin maƙwabciyarmu Salwa, wadda ta zauna can. Ta ce, "Tambaya take ko kun ji 'ya'yanta sun dawo. Ki ce mata voltarão, wato za su dawo. Gaɓar ƙarshe za ki danna, ki sako ta ta hanci. In kika danna ta tsakiya, kin ce sun riga sun iso."

Ranar Talata hannuna na cikin ƙullu, na amsa da sauri, na danna ta tsakiya. Abu Ziyad, da kanta ta miƙe! Ta sa rigarta ta zuwa biki, ta sa ni daka naman kibbe, abincinmu na tarbar baƙi, ta zauna a bakin ƙofa har magariba. Da na shigo da ita ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Matarka,
Wafika

Watan Nuwamba

Abu Ziyad,

Ina gaishe ka. Yaya bayan nan naka, ya daina ciwo?

Hajja ta mai da ni ɗalibarta. Ashe koyarwar da ta yi a makaranta kafin aure tana nan daram. Takan riƙe wuyan hannuna tana bugawa da yatsa, vol-ta-rí-a-mos, "da mun dawo", ta matsa da ƙarfi a kan ta ukun. In na kuskure ta murɗe mini kunne. Salwa tana gefe tana dariya: "Wafika, harshen nan naki sai an kai shi maƙera!"

Jiya likita ya zo. Ya ce zuciyarta ta gaji, ba ya jin za ta fita hunturun bana. Bayan ya tafi ta yi tambayarta, na amsa daidai. Ta daɗe tana kallona. Sannan da Larabci, karon farko tun faɗuwarta, ta ce, "Ke ma jira kike, 'yata."

Sai na gyara mata bargo.

Ku rufe shagon nan ku taho, kafin ƙanƙara ta toshe hanyar dutse.

Taka har kullum,
Wafika