Duwatsun da Muka Sauko da Su

Zuwa ga Yayana Iliyasu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka. Na san gidan waya ba ya kai takarda inda kake. Na rubuta ne don in sauke nauyi, waɗanda suka san mu a nan Sabha ta ƙasar Libiya kuma su karanta su zama shaida.

Yaya, na hau dutsen nan.

Ka tuna shekarar da muka zo daga Adar, lokacin da arzikin mai ya sa ko'ina gini ake yi, har sai an miƙa wa lebura shebur kafin a tambayi sunansa. Mudir, mai aikinmu, ya tura mu da kamiyo, babbar motar kaya, can kudu da Ghuddwa, nesa da gonakin dabino, mu ɗebo duwatsun harsashin gini. Dutsen da muka tarar ba wani babba ba ne. Kai da bakinka ka ce a garinmu akuya mai ciki za ta haye shi ba ta yi haki ba.

A samansa muka ga tarin duwatsu an jera tsaf, tsawon mutum. Murna ta kama mu. A gida in ka ga haka, manomi ne ya tsince gonarsa, wanda ya kwashe har godiya za a yi masa. Babu wanda ya tambayi kansa wace gona ce a kan dutse a tsakiyar hamada. Direbanmu ɗan birni yana barci ƙarƙashin mota, mu kuma muna ta gangaro da su muna dariya. Kafin azahar mun cika kamiyo.

Sati uku bayan haka motar Malam Barka ta iso, tsohon direban nan mai ɗauko fasinja daga Agadas. Ya nemi alamar da ke nuna kwanar rijiya bai gan ta ba, ya miƙe. Kwana biyu suna yawo cikin rairayi, har ruwan injin mota suka sha. Wani dattijo ɗan Damagaram da ya taho neman ɗansa bai iso da rai ba. A wurin jana'izarsa muka ji Malam Barka yana kwatanta dutsen da aka kwashe wa alama. Ni na sunkuyar da kai. Kai ka tashi ka durƙusa gabansa ka faɗi komai, ni ina bayanka.

Bai zage mu ba, da ya zage mu da mun fi samun sauƙi. Ya ce tun zamanin ayarin raƙuma aka ɗora duwatsun. Tsofaffin direbobi za su gaya wa juna cewa alamar ba ta nan, amma kowane wata sabbi ke shigowa hanyar, kuma kwatance ɗaya suka riƙe: in ka ga dutse mai alama, ka karya dama.

Ka yi alkawarin za mu koma. Sai tarin da ƙurar siminti ta sa maka ya kwantar da kai a ɗakinmu na unguwar Mahdiya. Ba ka yi mini zancen gida ba, ba ka yi zancen kayanka ba. Abin da ka yi ta maimaitawa shi ne, "Mamman, ka mayar wa mutane duwatsunsu."

Na asalin ba su mayuwa, suna ƙarƙashin katangar wani gida a unguwar Hajara, kullum ta gabansa nake wucewa. Sai na roƙi Malam Barka ya sauke ni a gindin dutsen ranar da zai koma kudu. Ya bar mini jarkar ruwa da dabino, ya ce abokinsa zai ɗauke ni bayan kwana biyu. Ya nuna mini yadda ake jerawa: gindi mai faɗi, sama siriri, dogon dutse ɗaya yana kallon rijiya.

Mun share saman nan tas, ka san aikinmu ba ya barin saura. Dole daga ƙasa na riƙa ɗauka a buhun siminti, ina goyawa ina hawa. Dutsen da ka raina, Yaya, ya rama a kaina. Tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafa, takalmina na roba ya tsinke tun da hantsi, na ɗaure shi da igiyar jarka. Sau ɗaya na kusa kaiwa sama buhu ya yage, duwatsun suka koma ƙasa ina kallo. Na zauna na yi kuka, sannan na yi maka tsiya, na ce ka gudu ka bar ni da aiki yadda ka saba a gonar Baba. Daga nan na sauka na sake ɗauka.

Na yi kewarka a kan dutsen nan fiye da ranar da muka rufe ka. Amma na rantse ko da rarrafe ne ba zan bar wurin ba sai alamar ta tsaya.

Ta tsaya da la'asar ɗin rana ta biyu. Da ta kai tsawona sai na ƙara jeri ɗaya, don ka fi ni tsawo da tafin hannu, kuma tsawonka nake so ta kai.

Ina zaune ina cire tsakuwa daga tafin ƙafa na hango ƙura daga kudu. Wata sabuwar mota ce da ban sani ba, mutane cike a saman kaya. Ta zo daidai dutsen ta rage gudu, kamar direban yana dubawa. Sai ta karya dama. Babu wanda ya ɗaga mini hannu a cikinsu, ba su san da ni ba, ba su san da kai ba. Rijiya suka nufa.

Allah Ya jiƙan dattijon nan na Damagaram, Ya sa ya yafe mana. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa duk wanda ya sha ruwa ta dalilin alamar nan ladan ya iske ka. Ka kwanta da kyau, Yaya, na mayar.

Ƙanenka,
Mamman
Mahdiya, Sabha