Igiyar Shanya

Lahadi, 26 ga Satumba, 1976
Bangkok. Abokan mijina Thongsuk sun sake cika mini gida, waɗanda suka yi yaƙin Laos tare. Sun cinye shinkafata, suna zagin 'yan kwaminis. Wani mai ido ɗaya a cikinsu ya ce, "Matar Saje, ina ƙanwar taki 'yar jami'a? Ki ja mata kunne fa!" Suka kwashe da dariya. Thongsuk bai yi ba, bai kuma hana ba.

Laraba, 29 ga Satumba
Na ga takardar sunayen ɗaliban da ake nema a aljihun Thongsuk. Ƙanwata Saichon ce ta bakwai. Yarinyar da na goya bayan rasuwar Inna.

Alhamis, 30 ga Satumba
Na durƙusa masa. Ya ce, "Tashi, ba ni na rubuta ba." Shekara tara ina shanya zannuwana a bayan gida, don malamin da ya zana masa layar tsari a fatar bayansa ya ce ranar da ya bi ta ƙarƙashin zanen mace, ranar harsashi zai fara cinsa. Ko sau ɗaya ban yi sakaci ba. Abin da na roƙa a goge suna ɗaya ne kawai.

Litinin, 4 ga Oktoba
Na sami Saichon a ƙofar jami'a. "Yaya, ke dai tsoro! Waƙa kawai muke yi." Ta cusa mini soyayyar ayaba a jaka. Ni na je ceto, ni aka sallama.

Laraba, 6 ga Oktoba
Mota ta ɗauki Thongsuk da abokansa da safe, zuwa jami'a. Rediyo sai ihu yake a kashe ɗalibai.

Alhamis, 7 ga Oktoba
Asibiti uku, ofishin 'yan sanda biyu. Babu Saichon. Ƙafafuna sun kumbura.

Asabar, 9 ga Oktoba
Na tambaye shi ko ya gan ta. Ya ce, "Mutane sun yi yawa." Ya nemi ƙarin miya. Na zuba masa. Tsoronsa nake ji, kuma na tsani kaina da na zuba.

Talata, 12 ga Oktoba
Gobe za su tafi arewa farautar waɗanda suka gudu daji. Na yi wanki. Na shanya zannuwana a saman ƙofar gida, can sama, inda mai sauri ba ya ɗaga kai. Igiyar baya ce ta tsinke. Haka zan ce in ya tambaya.