Zadok Zai Bar Gidan Burodin Baba

Zuwa ga ƙanena Bobboyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da kuma zaman Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Jimeta alhamdu lillahi, ƙafar mahaifiyarmu Dada ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida.

Amma ni raina a ɓace yake, kuma kai ka jawo. Wannan manaja Ɗanburam da ka ɗora a gidan burodin Baba na unguwar Damilu, riƙe ma'aikata ka turo shi yi ko korarsu? Ka san tsarin da marigayi ya bari: ranar Juma'a da Sallah Kiristoci su riƙe tanderu, ranar Lahadi da Kirsimeti Musulmi su karɓe su. Ɗanburam ya soke, wai ba haka ake tafiyar da kamfani ba. Haba! Rhoda mai kanti ta tafi, Bawa direba ya bi bayanta, kai kana can kana ce mini ma'aikata ba sa ƙarewa a gari.

Yanzu abin ya kai kan Zadok mai kwaɓi, wanda don hannunsa ake sayen burodinmu. Mahaifinsa ya rasu a Ganye, Ɗanburam ya ce sai ya gama gashin ranar zai tafi, ya kuma hana abokan aikinsa raka shi. Wallahi ko mutum ɗaya daga gidanmu bai je gaisuwa ba, ni ma sai bayan ya dawo na ji. Zadok ɗin nan fa shi ya wuni a rana yana shimfiɗa wa baƙi tabarma ranar jana'izar Baba.

Jiya ya zo ya durƙusa ya yi wa Dada bankwana. Ya ce ba albashi ya kore shi ba, ya dai gane ba a ɗauke shi mutum ba. Dada ta yi kuka, ta roƙe shi ya jira ƙarshen wata, ya yarda don ita kaɗai.

Kada ka kuskura ka kira shi a waya. Ka zo da ƙafarka mu je Ganye mu gaishe da mahaifiyarsa, sannan ka mayar da tsarin Baba. In Zadok ya tafi, da hannuna zan rufe gidan burodin.

Ka gaishe da Nahla da Usaid. Dada ta ce a gaishe da jikokinta. Na ce mata kai fa, ta kawar da kai.

Addarka,
Yelwa