An Hana Nura Lasisin Bindiga

Al Wakrah, daren Talata, Disamba 2022

Na taso daga aiki a gajiye, 'yan kallon gasar ƙwallo ta duniya sun cika hanya, sai mahaifiyarmu Hajiya ta kira daga Gusau. Ƙanena Nura ya je neman lasisin bindiga, an hana shi. Ashe akwai sammacin kama shi, don ya ƙi zuwa kotu kan rigimar gona da maƙwabcinmu Malam Iro.

Da na kira shi sai huci yake. "Yaya, wallahi ɓarayin daji nake tsoro!"

Na ce, "To me ya sa wata guda ba ka da zance sai Malam Iro?"

Can ya ce gobe zai kai kansa kotu.

Alhamdulillahi. Ban taɓa zaton zan yi murna da sammaci ba, amma na san zuciyar Nura.